Zuwa Ga Wanda Ya Kulle Ƙofa

Ya hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyina bayan doguwar tafiya, Baban yara, wanda yau kwana goma sha ɗaya ke nan ya kulle kansa a ɗakin baya!

Na ga takardar da ka turo ta ƙarƙashin ƙofa. Rubutun hagu ne, sai da na karanta sau uku. Ka ce tunda injin masaƙa ya cinye maka hannun dama, ba ka da sauran amfani, in tafi gidanmu ka yafe min. Na gode. Ba zan je ba.

Ka kuma tambaya me ka yi wa Allah. Ranka ya daɗe, tambayar nan kai ka yi ta a ciki, ni ake amsa wa a waje. Kowa ya zo dubiya da amsarsa a aljihu.

Liman ya ce jarrabawa ce, Allah yana gwada bawan da yake so, ko ƙaya ta soki mumini ana kankare masa zunubi. Na yarda, har zuciyata ta yi sanyi. Goggonka ta ce ba banza ba, da sa hannu, ta lissafo mutum huɗu, biyu daga ciki sun rasu tun kafin ka fara aikin. Yayana ya ce ganganci ne. Shi ban ba shi shayi ba.

Jiya kuma injiniyanku ya zo, dattijon nan mai bin addinin Hindu, da lemo a leda. Ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran hukunci. Da ya ji tambayarka, ya ce a wurinsu ana kiran abin karma, wai abin da rai ya aikata yana biye da shi, ko da daga wata rayuwa ce da ta gabata. Na ce mu dai rayuwa ɗaya muka sani, kuma ita ma ta ishe mu. Na tambaye shi me ka aikata a waccan ɗin. Ya ce bai sani ba. Sai ya faɗa min 'yarsa kurma aka haife ta, ya shekara uku yana neman laifin wa, har mahaifiyarsa ta ce masa ya bar tonon jiya, ya yi abin da ya rataya a wuyansa yau. Daga nan ya koyi maganar hannu. Ya daɗe yana kallon ƙofarka, idonsa ya kawo ruwa, ya ce da ya duba murfin injin da safiyar ranar da abin ya faru, da ba haka ba. Ka ga shi ma yana da ɗakin da ya kulle kansa, nasa dai ba ƙofa.

Ya tauraron asubata, kana tuna ranar da muka haɗu a tashar mota, ana tsuga ruwa? Laimata ta ƙi buɗewa, ka karɓa ka ce kai makaniki ne, ka karya ta gida biyu. Lokacin hannunka biyu cif. Muka tsaya muka jiƙe sharkaf, kana ba ni haƙuri ina dariya. To ka faɗa min, don hannu na aure ka?

Ban san dalilin da ya sa abin ya faɗa kanka ba. Allah ne ya sani, kuma bai aiko min da bayani ba. Abin da na sani, gidan nan ya zama rijiyar da ta ƙafe! Ina zuba abinci, in ajiye a ƙofa, in tsaya ina sauraron ƙarar cokali don in tabbatar kana nan. Wace irin rayuwa ce wannan, mace tana kewar mijinta alhali taku biyar ne tsakaninsu? Auta ta daina tambayarka, kuma wannan ya fi tambayar ciwo.

Ka buɗe, don girman Allah. Ba sai ka yi magana ba. In kuka ne mu yi tare, na riga na ƙware. Maɓallan rigunanka zan cire in sa masu zip, amma keken ɗinkina yana ciki tare da kai.

Taka har ƙasa ta rufe min ido,
matarka, da ke zaune a bayan ƙofa.