Takardar Ƙofar Baya

Litinin, 3 ga Maris
An kawo mana takardun bankin nan da ya rushe shekara sittin da suka wuce. Akwati arba'in. Aikina in zare allura mai tsatsa, in shimfiɗa takarda a gilashin na'ura, in ɗauki hotonta, in ba ta lamba, a ɗora a intanet don masu bincike. Wadda ta ruɓe har ba ta karantuwa, sai jan fayil, shi ke nan an binne ta. Shugabarmu ko buɗe shi ba ta yi, wai ta yarda da idona.

Baba sai murna. Mahaifinsa akawu ne a bankin. Tun muna yara ake cika mana kunne cewa ranar da aka rufe, Kaka ne kaɗai ya fito ya fuskanci jama'a, har aka yaga masa riga.

Laraba, 5 ga Maris
Kashin ɓera da atishawa. Bayana kamar an taka.

Alhamis, 13 ga Maris
Yau wasiƙun masu ajiya ne. Ni ba karatu aka ɗauke ni yi ba, amma ido ba ya jin kwaɓa. Wata mai ɗinki ta sa an rubuta mata sau huɗu, tana dangwala yatsa a ƙasa. A ta huɗun ta ce ta sayar da keken. Ban ga amsa ko ɗaya ba.

Talata, 18 ga Maris
Akwati na goma sha bakwai. Takarda guda, an rubuta ta ana gobe za a rufe: sunayen mutum goma sha ɗaya da za a shigar ta ƙofar baya su kwashe ajiyarsu. Ba sa hannu. Amma na san rubutun, na Kaka ne, shi ne a bayan duk tsoffin hotunan gidanmu. Suna na farko kakata ce.

Na kasa cin abincin rana.

Laraba, 19 ga Maris
Na sa ta a jan fayil. Ai gefenta ya sha ruwa.

Ƙarya nake. Tana karantuwa tsaf.

Asabar, 22 ga Maris
Baba ya tambaya ko na ci karo da tsohonsa. Na ce tukuna. Haushi nake ji, kuma ban san na wa ba.

Lahadi, 23 ga Maris
Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na nuna masa hoton a wayata. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Ina jiran ya yi musu, wallahi da na fi son haka.

"Ni na riƙe wa Inna jaka ranar," ya ce.

Rigar ma gaskiya ce, in ji shi, an yaga ta. Duka biyun an yi. Na tambaye shi yadda zan yi. Ya ce shi ya yi shirunsa na shekara sittin, ya gaji, ni kuma in yi aikina.

Litinin, 24 ga Maris
Na fito da ita daga jan fayil. Hoto biyu, gaba da baya. A gurbin sunan marubuci ana iya sa "ba a sani ba", kullum haka nake yi. Na rubuta cikakken sunansa.

Shugaba ta zo wucewa, ta dubi allon, ta dubi katin aikin da ke wuyana, inda sunan Kaka yake bayan nawa. Ta wuce. Ni kuwa ban ɗago ba, na jawo takarda ta gaba.