Sunaye Arba'in da Ɗaya

Buenaventura, 3 ga Mayu

Yaya Nubia,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Mama?

Abin da kika ji gaskiya ne, na fasa wa Duván, abokin aikina, baki a ofis, kuma ban yi nadama ba. Kin san aikinmu: matan unguwa su zo a ɓoye su faɗi wanda 'yan bindiga suka ɗauke, mu kuma mu tattara. Duván, da yake ɗan jami'a ne, a burauza, manhajar shiga intanet, yake rubuta littafin aikinsa, umarnin kwamfuta a sama, sakamako a ƙasa, ga taswira mai launi. Abin da sakaran bai lura ba, duk sanda ya adana, sakamakon ma yana maƙalewa cikin fayil ɗin. Sunayen shaidu arba'in da ɗaya, Yaya, har lambar gida!

Na ce mu mayar da shi rubutu zalla irin nawa, umarni kawai, sunayen su zauna a katin ajiyar bayanai da shugabarmu Doña Efigenia take yawo da shi a jaka. Ya ce wai ni da na koyi kwamfuta a shagon gyaran waya zan koya masa aiki? Wai baƙin allona kamar kabari. Naushi ɗaya na ba shi, haƙori ya fita. Yana tofar da jini na zauna na juye fayilolin kaf zuwa rubutu zalla, sunayen suka koma katin.

Ki gaida Mama, kada ki gaya mata.

Ƙaninki,
Wílmer

Buenaventura, 19 ga Mayu

Yaya Nubia,

Ina gaisuwa. Kada ki tsorata da ganin baƙon rubutu, ina raye.

Ranar Talata da rana tsaka muna cin shinkafar kwakwa da kifi, mutum uku suka shigo, babura na ruri a waje. Doña ta tafi birnin Cali. Babbansu ya danna mini bindiga a kunne, wai malam gwani, buɗe mana sunayen masu dogon baki. Na buɗe kwamfutar. Layin umarni ne kawai, babu suna ko ɗaya. Ya ce in sa ta yi aiki. Na sa, ta ce ba ta ga kati ba.

Sai ya cusa hannuna na dama cikin durowa ya rufe da ƙafa. Sau uku. Na ji ƙarar yatsuna kafin in ji zafin. Duván kuwa suka kwantar da shi suna tattakawa, ina katin, ina katin. Duván ya san jakar, ya san gidan da Doña take sauka. Ya ce shi taswira kawai ya iya zanawa. Haƙarƙari biyu suka karya masa, suka kwashe kwamfutocin suka tafi.

Matan nan arba'in da ɗaya suna gidajensu, babu wadda aka taɓa.

Duván ne yake rubuta mini wannan a gadon asibiti. Ya ce in gaya miki har yanzu allona kamar kabari ne. Na ce ya rubuta.

Naki har kullum,
Wílmer