Na Amsa Wa Jikata Da Sunan Ubanta

Anti Djamila, ki taimake ni, bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina. Ni tsohuwa ce a Zongon Lome. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma a tsokana da shirya labari, jikokina sun san babu wanda ya kai ni.

Jikata Khairunnisa shekararta tara, ni nake riƙonta tun rasuwar uwarta. Ubanta, ɗana Buraima, ya tafi Gabon neman aiki. Shekara uku ke nan ko gaisuwa babu, lambarsa ma ta daina shiga.

A lekol ɗinsu, wato makarantar boko, babu intanet. Sai malaminsu, Mushe Moumouni (haka muke kiran malamin boko a nan), ya samo wani ɗan akwati da bai fi sandar sabulu ba, ya zuba darussa a ciki, ya haɗa shi da tsofaffin kwamfutoci shida. Yara su buɗe darasi, su yi jarrabawa, su aika saƙo, shi kuma ya amsa daga teburinsa, don su saba kafin ranar da za su samu na gaske. Ashe komai a cikin ajin yake ƙarewa, ni ban sani ba. Da ta zo tana yi mini fariya wai su yanzu ’yan intanet ne, sai na tsokane ta cewa ta rubuta wa ubanta mana, tunda intanet har Gabon yake zuwa. Wallahi wasa nake.

Ta rubuta kuwa. Mushe ya hau zemijan, wato babur ɗin haya, ya zo har gida ya fassara mini daga Faransanci: tambayar ubanta take ko laifi ta yi masa. Nan na roƙe shi ya amsa da sunan Buraima, sau ɗaya kawai. Ya ƙi, na yi ta kuka har ya yarda. Sau ɗayan nan yau wata biyar. Ni nake faɗa, shi yake rubutawa. Halina kuma bai bar ni ba, har na sa uban ya umarce ta ta daina raina miyar kuka, ta riƙa matsa wa kakarta ƙafa. Tana yi. Ta zo ta biyu a aji don ta samu abin ba shi labari.

Yanzu Mushe ya ce ran Alhamis darasinsu shi ne yadda akwatin yake aiki. Zai nuna musu saƙo ba ya wuce bakin ƙofa, kuma ba zai yi wa yara arba’in ƙarya saboda ni ba. Ita kuwa ta gama gaya wa ƙawayenta ubanta yana rubuto mata. In ta gane, da wa za ta ƙara yarda? Ni kaɗai na rage mata. In hana ta zuwa ran Alhamis ne?

Kaka mai dogon baki, Zongo

Inna, kada ki hana ta zuwa. Ƙawayenta za su kawo mata labarin ran Juma’a, da dariya a kai.

Na ga tausayi ne ya sa ki, kuma Mushe ma yana da nasa laifin da ya biye miki. Amma yanzu gaskiya gare shi. Ajin gwaji yana amfani ne idan yaran sun san gwaji suke yi.

Ki gaya mata da kanki kafin Laraba, ku biyu a ɗaki, ban da wasa. Ki ce ba ki san halin da ubanta yake ciki ba, ba ta yi masa laifin komai ba, kuma duk kalmar da ta karanta daga bakinki ta fito. Ki nemi gafararta. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kwanaki ba ta kula ki ba. Ki jure, kada ki lallashe ta da wani sabon labari. Ki roƙi Mushe kada ya ambaci saƙonninta a aji, ita za ta zaɓi abin da za ta ce wa ƙawayenta.

Sannan ki je wurin limaminku da ’yan kasuwar da ke zuwa Libreville, babban birnin Gabon, a nemi Buraima da gaske. Kada ki yi mata alkawarin za a same shi. Alkawarin da za ki iya cikawa shi ne duk abin da kika ji, mai daɗi ko mara daɗi, ita za ki fara gaya wa.

Allah Ya sanyaya zuciyar yarinyar nan, Ya sauƙaƙa miki wannan zama, Ya bayyana Buraima lafiya.

Djamila