Alhaji, Ka Kira Ni Ko Ka Kore Ni

Zuwa ga Alhaji, mai injin casar shinkafa na hanyar Sagnarigu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Fuseini na Bulpiela, mai tsayuwa a kan babban inji, ko ka manta fuskata. Na yi ta zuwa ƙofarka har maigadi ya gaji da ce mini ka fita, alhali ga motarka nan a inuwa. Shi ya sa na rubuto a fili. Ban yi nisa a makaranta ba, a jikin buhunanka na koyi haɗa baƙi, don haka in maganata ta zo ba ado, a yi haƙuri.

Na ɗaya. Kawuna, Afa Yakubu, shi ya kawo ni wurinka da goro a hannu, ya ce ga ɗa ya ba ka. Ka karɓi goron a gaban mutane. Da kasuwa ta faɗi, wuta da mai suka yi tsada, ka tara mu ka ce ba korarmu ka yi ba, mu je gida, in abubuwa sun gyaru za ka kira mu. Har godiya muka yi maka, Alhaji. Yaran da wasu masu inji suka kora kai tsaye, tausayinsu muka dinga ji.

Na biyu. Abubuwa sun gyaru. Ba a rediyo na ji ba, da idona na gani. Motoci na layi a ƙofarka, ƙurar ɓuntu ta sake rufe bishiyoyin bayan katanga, har fenti ka yi wa ƙofa. Ka ɗauki mutane kuma, amma ta hannun ɗan kwangila, 'yan aikin yini, a sallame su da yamma ba wanda ya san sunansu. Ba na jin haushinsu, su ma ci suke nema. Amma wayata ba ta yi ƙara ba.

Na uku, kuma nan ne abin ya shaƙe ni. Wata Hajiya ta buɗe sabon inji a Gumbihini, tana neman mai tuƙa shi. Ta gwada ni, ta yarda. Sai ta tambaye ni yaron wa ne. Ina faɗin sunanka ta janye. Ta ce ba za ta ɗauki yaron wani ba sai ubangidansa ya sake shi da bakinsa, kada 'yan sana'a su ce ta yi maka sata. Ka san waɗanda ta ɗauka a sauran gurabe? Yaran nan da aka kora, waɗanda muke tausayi.

Na koma wurin kawu in roƙe shi ya zo ya karɓe ni. Ya ƙi. Wai wanda ya ba da ɗa da goro ba ya komawa ya ce a mayar masa, abin kunya ne, in yi haƙuri. To, kai kana tsare mutuncinka, Hajiya na tsare nata, kawu na tsare nasa. Ni kuwa ina dako a tasha, matata ce ke ciyar da gida da kokon da take sayarwa. Kokon ma kunyar sha nake ji, wallahi.

Hajiya ta ce za ta jira ni zuwa shigowar sabuwar shinkafa. Manoma sun fara yanka.

Roƙona biyu ne, ka zaɓi ɗaya. In kana sona, ka kira ni gobe in tsaya a kan injina. In ba ka so, ka aika wa kawu cewa ka sake ni. Ba kuɗi nake nema ba, ba takarda ba. Magana ɗaya ce, ba za ta rage maka ko buhu ɗaya ba.

Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare injinka daga wuta da asara, Ya raya maka zuri'a, kada Ya sa ɗanka ya zauna jiran kiran da ba ya zuwa.

In kuma wasiƙar nan ta ɓata maka rai har ka rantse ba zan sake taka ƙofarka ba, don Allah ka faɗa da ƙarfi, a gaban mutane, yadda za a ji a Gumbihini.

Wassalam.

Yaronka har yanzu,
Fuseini, Bulpiela, Tamale