Ruwan da Nake Zuƙewa a Ɓoye

Yaya Okalena,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Mu nan lafiya lau, sai maigidana Evon da ƙafa ta hana shi kamun kifi bana, da ɗana Wassillie da kafaɗarsa ta dama ke damunsa tun narkewar ƙanƙara. Matarsa Matrona cikinta wata shida, tana cin abinci sosai. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haura hamsin na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Shekara bakwai Wassillie ya yi yana haɗa ƙaramin jirgin sama a rumfar bayan gida. Bara ya sa masa ƙafafun ruwa, irin masu taya a ciki, ya sauka a tafki ko a tudu. Su ma shi ya ƙera, ƙusa bayan ƙusa. Yanzu jirgin a ruwa yake kwana, ɗaure a gadar katakonmu ta bakin tafki. Kin san kowace ƙafa kamar ƙaramin kwalekwale ce a rufe, an raba cikinta ɗaki shida, kuma kafin a tashi sai an sa famfon hannu an zuƙe ruwan da ya shiga. Da na ga yana cije leɓe in yana jan famfon, sai na fara riga shi. In na fito duba raga da sassafe, nakan zuƙe duka, in mai da famfon mazauninsa. Ya hana kowa taɓa jirgin nan har ubansa, shi ya sa ban faɗa ba.

To yanzu in ya ja, ko ɗigo babu. Har yana tsokanar abokinsa Gusty, wai ƙafafun da Gusty ya sayo rariya ne, nasa kuwa ko gari ka zuba ba zai jiƙe ba. Gusty ya ce to ya bar tuƙi ya koma ƙera tukwane. Ina gefe ina yanka kifi, na kasa ɗaga kai.

Gaskiyar ita ce ɗaki na biyar na ƙafar hagu, wajen baya, yana shan ruwa. A watan Yuni ja huɗu ya ishe shi. Jiya sai da na ja hamsin da biyu. Yaron nan makaranta ba ta yi masa daɗi ba, ban taɓa ganin ya ɗaga kai da wani abu kamar ƙafafun nan ba. Amma ran ɗaya ga Satumba zai kai Matrona wurin iyayenta a ƙetaren tafkuna, su kwana uku jirgin yana ruwa, kuma ya fara cewa famfon nauyin banza ne, a gida zai bar shi. Ya zan yi? Ki ba ni amsa kafin ashirin da biyar ga Agusta.

Uwar Matuƙi, Aleknagik

*

'Yar'uwata,

Rubutunki ya fita sarai, ƙirganki ma haka. Tausayi ne ya sa ki ɗauki famfon, ba mai ganin laifinki. Shi ma da ya hana a taɓa masa jirgi yana da hujja: da wannan famfon matuƙi ke jin lafiyar ƙafafunsa, kin kuwa toshe masa kunne ba da niyya ba.

Ja huɗu raɓa ce ko ruwan sama. Hamsin da biyu ɓula ce, kuma tana ƙaruwa. Ruwa a ɗakin baya yana rinjayar jirgi wajen tashi, kwana uku kuma yana iya kwantar da shi a inda aka ɗaure shi.

Gobe kada ki zuƙe. Ki tare shi a gadar kafin ya kunna inji, ke da shi kaɗai, ki miƙa masa famfon, ki faɗa masa komai har da lissafin Yuni. Ya fito da jirgin tudu a kan tayoyinsa, ya zuba ruwa da tiyo a ɗakin nan, ya leƙa ƙasa ya ga inda ke ɗiga. Galibi ƙusa ce ta saki, ko gam ɗin haɗi kusa da ramin taya. Aikin yini biyu ne. Ya nemi makanikin jirgi ya duba aikin in ya gama, kuma kada Matrona ta hau sai ɗakin ya kwana uku a ruwa a bushe. Famfon ya bi su duk inda za su.

Zai yi fushi, Gusty ma zai samu abin dariya har hunturu. Ki bar su. Wanda ya ƙera ƙafa sukutum ba zai kasa ƙusa ɗaya ba. Kafaɗar ma a kai ta asibiti.

Allah Ya sauki Matrona lafiya, ki gai da Evon da ƙafa.

Okalena