Jajayen Turakun da Kuka Kafa a Gonar Tattasaina

Zuwa ga Mai Girma Darektan ofishin binciken cututtukan shuka,
wanda ya turo ma'aikatansa bakin Komadugu bara,
Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na fito da wannan magana fili. Ba haka na so ba. Na yi ta sintiri a ƙofar biro, wato ofishin malaman gona, har masu gadi sun daina tambayata wurin wa na zo, ban samu mai ba ni amsa ba, ga shi kuma lokacin dashe ya matso. Shi ya sa na ce a buga ta inda kowa zai gani, ko Allah ya sa wani ya ɗora maka ita a kan tebur.

Sunana Bukar. Ni manomin tattasai ne a bakin kogi, gabas da Diffa, kan hanyar Geskeru. Gonar ta mahaifina ce, a cikinta na tashi. Ni da maƙwabtana muna tarayya a injin ban-ruwa guda da lambatu guda. Gonata ce ta fi kusa da kogi, saboda haka ruwa ta cikinta yake fara bi kafin ya gangara gonakin sauran. Babbanmu shi ne Ba Ari, abokin mahaifina, shi ke raba ruwa, shi ke cewa yau na wane ne gobe na wane. Don Allah ka riƙe wannan, domin duk damuwata a nan take.

Na farko, abin da ya faru.

Bara tattasaina ya yi rauni a gefe guda. Ganye ya yi rawaya, rana na ɗagawa sai ya yi yaushi ko da fangalin cike yake da ruwa. In ka tuge, sai ka ga saiwar duk ta yi ƙulle-ƙulle kamar tasbaha. Na kai wa malamin gona na Diffa, Mushe Iliya kamar yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, mutumin kudu ne, Kirista, kuma ban taɓa ganin mugun abu a wurinsa ba. Ya ce na yi sa'a, akwai masu bincike da za su zo daga Yamai, zai kawo mini su har gona. Wallahi na yi murna. Matata Fanna ta dafa musu shinkafa da bandar kifi, ta ce baƙin da za su warkar mana da ƙasa ba za su koma da yunwa ba.

Suka zo da farar mota. Babbansu, wanda suke kira Dokta, ya tsuguna ya duba saiwar, ya yi mini bayanin da har yau ina jinsa a kunnena. Ya ce wata ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya gani take shiga saiwa. Ya ce kuma ba iri ɗaya ba ce. Jinsi-jinsi ne, kamarsu ɗaya, ƙullin da suke yi ma ɗaya, har masana kan rikice, sai an kai su ɗakin gwaji an duba abin da ke cikin halittarsu kafin a ce wannan ce ko waccan. Akwai wadda ba ta iya cin gyaɗa, in ka shuka gyaɗa a wurin yunwa za ta rage ta. Akwai wadda gyaɗar ma abincinta ce, ka shuka ka ƙara mata ƙiba. Akwai kuma wadda tumatir take kashewa, tattasai bai cika damunta ba, in ita ce to sai a nemi ciwon gonata a wani wuri. Abin ya burge ni ƙwarai. Na ce Allah mai iko, ashe har a cikin abin da ba a gani akwai dangi-dangi, kowa da abincinsa. Ni ban raina ilminku ba, ranka ya daɗe. Ilmin ne ma nake roƙo a ƙarasa mini.

Matsalar ita ce ba ni kaɗai Dokta ya yi wa bayanin ba. Farar mota ba ta tsayawa a bakin gona a ƙauyenmu mutane su zauna a gida. Kowa ya zo. Ba Ari ya tambaya ko abin yana yaɗuwa. Dokta ya faɗi gaskiya, ya ce yana bin ruwan lambatu, yana bin laka a ƙafa da bakin fartanya, yana bin saiwar dashe. Aka juya maganar da Kanuri, babu wanda bai ji ba. Daga nan suka ɗebi ƙasa da saiwa a leda, suka kafa turaku masu jan fenti a kusurwoyin gonata, suka ce kada in tuge har su dawo, kuma kafin kogi ya ƙafe ya sake kawo ruwa sakamako zai iso. Gonar kowa ba su shiga ba sai tawa, don rana ta yi kuma suna son su kai garin Maine. Suka ci shinkafa, suka yi godiya, mota ta tashi.

Kogi ya tafi, kogi ya dawo. Ko ƙurar motar ban sake gani ba.

Na biyu, abin da turakun nan suka ja mini.

Ƙila a Yamai turke mai jan fenti alama ce kawai ta inda aka ɗebi ƙasa. A nan kuwa duk wanda ya bi hanya yana gani, yana nuna wa na bayansa. Yanzu sunan gonata gonar asibiti. Wani Bafulatani abokin wasana in ya koro shanu sai ya tsaya daga nesa ya ɗaga murya yana tambaya ko an sallami marar lafiya. Ina dariya, don tsakaninmu da su ba a fushi, amma Allah ya san dariyar ba ta wuce haƙorana.

A wurinmu ba a sayar wa maƙwabci dashe, ba shi ake yi. Irin mahaifina yana da kauri, in ya bushe jansa ba ya dushewa, shi ya sa kowace shekara in na yi rainon iri sai mutane su zo da kwanduna su ɗiba, ni ma in nawa ya gaza in je in ɗebo nasu. Da haka ake zumunci a bakin kogin nan. Bana babu wanda ya ce in ajiye masa ko kwando ɗaya. Lokacin tsinkar da ta wuce ma, matan da suka saba taya Fanna sun zo, amma da suka fito sai kowace ta tsaya bakin ruwa tana dirje ƙafa kafin ta shiga gonar gaba. Fanna tana kallo. Da ta dawo gida ta ajiye ƙwarya, sai ta ce ita da ta sani da ko ruwan sha ba ta ba baƙin nan ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da ita ba, kuma ba da matan ba. Me suka yi? Abin da Dokta ya faɗa suka bi.

Na uku, yawon da na yi.

Na je wurin Mushe Iliya har kunya ta fara kama shi, in ya hango ni sai ya miƙe tun ban zauna ba ya ce wallahi Malam Bukar shi ma shiru. Mun tafi tare gidan waya, ya buga ofishinku a gabana. Yau a ce Dokta yana misiyo, wato ya yi tafiyar aiki. Gobe a ce ana taro. Wata rana a ce an aika ƙasar waje, ana jira. Daga baya aka ce Dokta ya tafi ƙaro karatu, a bari sai an ga wanda ya gaji aikinsa. Haba, ranka ya daɗe! In mutum ya tafi karatu, da ledar ƙasata ya tafi a aljihu? Babu wanda zai buɗe ya duba? Ni ban san ko an gwada an manta da ni ba, ko ba a gwada ba, ko ledar ta ɓata a hanya. Kowanne ne daga ciki zan iya ɗauka. Rashin sanin ne yake hana ni zama wuri guda.

Na huɗu, inda muke yau, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ruwa ya iso, irin da na raina ya tashi, kullum ƙara tsawo yake. Ni kuwa na rasa ta yi. In dasa tattasai, ƙila in ciyar da tsutsar in kuma tura wa mutane ita ta lambatu. In shuka gyaɗa, ƙila in kashe ta da yunwa, ƙila kuma in yi mata walima, ya danganta da wace ce, kuma ku kaɗai kuka sani. In bar gonar ta huta, me za mu ci? Da safe in yanke shawara, kafin azahar na warware ta. Ina zuwa gona in tsaya in kalli ƙasa kamar zan ga abin da ke ciki, in koma gida, in sake dawowa. Fanna ta ce na fara magana ni kaɗai.

Ba Ari ya zo har gida ya same ni. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi kowa har awaki, na san akwai magana. Sannan ya kira ni ɗana, ya ce jama'a sun zauna. Sun yanke za a sauke injin zuwa gaɓar da ke ƙasa da gonata, a haƙa sabon lambatu daga can, don ruwan da za su sha kada ya bi ta cikin ƙasata. Ranka ya daɗe, ruwa ba ya hawa tudu. In injin ya sauka can, gonata ta fita daga rabo ke nan, kuma ni kaɗai ba ni da ƙarfin inji. Ya ce abu ɗaya zai hana: waɗanda suka kafa turakun su zo su faɗi abin da suka gani da abin da za a yi, kafin iri ya isa dashe. Tsohon nan idonsa ya kawo ruwa yana faɗa. Ban yi masa musu ba.

Saboda haka ga roƙona.

Ku gaya mini wace tsutsa ce a gonata, da Hausa ko da Kanuri, ba da sunan da sai Dokta ke iya furtawa ba, ku kuma gaya mini me zan shuka. In mummunar ce, ku faɗa, ni ba yaro ba ne.

Ku turo mutum ya faɗe ta a bakin gonar, gaban mutanen da suka ji ta farko. Takarda a aljihuna ba za ta dawo da kwandunan maƙwabta ba. A fili aka ɗora mini abin, a fili nake so a sauke.

Ku gwada gonakin da ke ƙasa da ni. Ba don in kunyata kowa ba, Allah ya kiyaye. Amma shekara da shekaru ruwa ɗaya muke sha, in tsutsar ta riga ta isa can, to sauke inji wahalar banza ce, gara mu sani mu yi maganinta tare.

In kuwa ledar ta ɓata, ku ce ta ɓata, ku zo ku sake ɗiba ko ku ba ni izini in tuge turakunku. Kuma don Allah, nan gaba duk gonar da ba ku da isansi, wato man mota, na komawa cikinta, kada ku kafa mata turke.

Jiya aka fara haƙa sabon lambatun. A al'adarmu ranar haƙa kowane gida da ke cikin tarayya yana kawo shebur. Babu wanda ya aiko mini, babu kuma wanda ya ce kada in zo. Na zauna a ƙofar gida ina jin ƙarar haƙa, na kasa zaman, na ɗauki shebur ɗina na tafi. Suka ɗago suka gan ni. Ba Ari ya sunkuyar da kai, ya matsa ya ba ni wuri kusa da shi. Na haƙa tare da su har rana ta take, ina haƙa hanyar da za ta ɗauke ruwa daga gonar mahaifina, domin ba zan iya rantsewa cewa ƙasata ba za ta cuci abincin ƴaƴansu ba. Kai ne za ka iya faɗar wannan, ranka ya daɗe. Gobe ma zan koma, kuma abin da ya rage a haƙa ba shi da yawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci binciken da kuke yi, ya sa ya amfani talaka tun yana da sauran amfani gare shi. Allah ya dawo da Dokta gida lafiya. Allah ya sa wannan takarda ta riga shebur isa.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Bukar, manomin tattasai,
bakin Komadugu, jihar Diffa.