Makulli na Uku

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Kar ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba kamar zamanin da. Wayoyin garin nan duk sun mutu, ba wurin caji.

Wutar solar da ka haɗa mana ce take ta shure-shure. Tun kafin magariba take ɗaukewa, firjin asibiti ya daina sanyi, kuma ka san allurar ciwon sukarin Inna a ciki take. Malamin asibiti ya ce ba ta jure zafi. Yana zaton batura ne ruwansu ya ƙafe. To ɗakin baturan kwaɗo uku ne, kowace unguwa da nata, don kar wani ya shiga shi kaɗai. Tela ya kawo makullin unguwarsu, Mahauci ya kawo nasu. Na unguwarmu yana hannunka tun ranar da ka yi fushi ka bar gari.

Ban manta abin da aka yi maka ba. Wata biyu kana kan rufi rana tana gasa ka, mu mata muna jidar yashi a ka, sannan wani ya miƙe a taro ya ce wayar wuta ta ɓace, a tambayi Injiniya, wato kai. Amma Inna ba ta cikin masu wannan magana. Don Allah ka ba direba makullin.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Na ga saƙo, ina amsawa. Ki gaishe da Inna da jiki.

Ashe yau an tuna da ni? Ɓarawo kuke so ya buɗe muku ɗaki? Makullin nan ban san inda na jefa shi ba. Ku fasa kwaɗon, guduma ɗaya ta ishe shi, ni na sayo shi na san ƙarfinsa. In kun shiga, ruwan batir za ku zuba, na kanti. Kar wani mai wayo ya ɗebo na rijiya.

Yayanki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, da ma abin da sauƙi haka. Sau uku kwamitin wutar garin yana zama a ajin firamare, manya sun cusa gwiwa a bencin yara, ana ta kai ruwa rana. Tela ya ce in yau aka fasa namu, gobe nasu za a fasa. Mazan unguwarmu suka ce fasa kwaɗonmu cin fuska ne, kamar mun amsa laifin da aka ɗora maka. Sai Mahauci ya zaro takardar dokoki ya karanta: "Duk wanda ya fasa kwaɗo, an yanke wa unguwarsa wuta." Rubutun hannunka ne, Yaya, har da sa hannu.

Ni da kaina na ɗauki taɓarya na nufi ɗakin. Kawu ya riƙe ni a bakin ƙofa, ya ce, "Ke, so kike ki ja wa gida sittin duhu saboda mutum ɗaya?" Na ce mutum ɗayan yayarka ce. Ya sunkuyar da kai, amma bai sake ni ba.

Allurar yanzu tana ƙarƙashin randa cikin jiƙaƙƙen yashi, ta fara gurɓacewa. Direba ya zo da wata, kwana huɗu ita ma ta bi sahu. Inna sai shan ruwa, idonta ya fara hazo, jiya ta kira ni da sunan marigayiya Goggo. Tsoro nake ji, wallahi.

Na karanta mata takardarka. Ta yi dariya ta ce, "Wannan da tun yana yaro ko maɓallin riga bai taɓa yarwa ba? Ki ƙyale shi, zuciya ce. In ta sauka zai aiko."

Auta

*

Auta,

Ga makulli cikin ambulan. Inna ta yi gaskiya, a bayan ƙofata yake rataye, kullum sai na gan shi. So nake mutanen gari su zo da ƙafarsu su ce sun yi kuskure. Ga kuma galan biyu na ruwan batir. Ki roƙar mini gafarar Inna, ki ce mata ina tafe ƙarshen mako.

Yayanki

*

Yaya,

Takardarka ta iso ranar Laraba. Inna ta rasu Talata da hantsi. Ba ta bar maka magana mai zafi ba, ta dai tambaya sau biyu ko direba ya zo.

An buɗe ɗakin. Baturan sun bushe ƙamas, biyu sun kumbura. Malamin asibiti ya zuba ruwan, ko ƙyaftawa fitilar ba ta yi ba. Kwamiti ya sake zama, aka yanke a mayar da kwaɗo ukun kar a sace abin da ya rage.

Ga makullinka. Unguwa ta ce har yanzu kai ne mai riƙonsa.

Auta